Wasiƙu Tara Zuwa Dauran

Na koyar da tarihi shekara talatin da wani abu, kuma abin da na tsinta a ƙarshe, bayan alli ya gama cinye mini yatsu, shi ne duniya a kan abu biyu take tsaye: takardar da ta isa hannun wanda aka rubuta wa, da ƙwayar maganin da ta shiga cikin wanda aka saya wa. Sarakuna da manyan hafsoshi ado ne. Duk ranar da waɗannan biyun suka ɓata hanya, daula ta faɗi, ko da rediyo bai sanar ba. Na san maganar ta yi wa bakin tsohon hedimasta girma, amma ina da shaida, kuma shaidar tawa yayata ce.

Yaya ta girme ni da shekara bakwai. Ita ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, ita ta fara dukana, ita kuma ta hana kowa ya dake ni. A Dauran ta yi aure, can gaba da Zurmi. Da yaƙin basasa ya tashi mijinta ya shiga soja, sai ta dawo gidanmu a Kaura ta zauna, saboda a nan jirgin ƙasa ke tsayawa, jirgi kuwa shi ke kawo wasiƙa. Ina firamare a lokacin, ni ne mai karanta mata. Wasiƙun nasa kamar a buta ɗaya aka zuba su: yana lafiya lau, abinci isasshe, a gaishe da kowa da kowa. Ranar da ya sauko daga jirgi, hannunsa na hagu a gwiwa ya tsaya. Ya ce raunin da farko bai fi yankan lauje ba. Asibitin sansaninsu ne babu aidin, babu allura, bandeji ma sai an wanke na wani a ɗaura maka. Yaya ta dubi hannun, ta juyo ta dube ni.

"Kai ɗan boko, ina wurin da ya rubuta wanga? Ko tsallakewa ka yi?"

Ban tsallake komai ba. Amma sunan nan na ɗan boko ya bi ni har na yi furfura, ya bi ni har na yi ritaya.

Shekara fiye da hamsin bayan haka, wasiƙa ta dawo rayuwarmu. Shekarar da aka kashe layukan waya ce, da damina ta fara ja da baya. A takardun hukuma ba a kira abin da ke faruwa yaƙi ba. Ni dai na san mutanen ƙasa ɗaya, masu fuskantar alƙibla ɗaya, suna kashe juna a gonakin da kakanninsu suka yi musayar nono da gero, kuma a aji ina da sunan da nake kiran irin wannan. Aka rufe kasuwar Shinkafi, aka rufe ta Moriki, wayoyinmu suka koma fitilar neman takalmi. Yaya a lokacin mijinta ya daɗe da rasuwa, ba ta da ɗa a raye, tana fama da hawan jini. Sau uku ina roƙon ta ta dawo Kaura.

"Kabarin maigidana na nan, rumbuna na nan, awakina na nan. Mi zan yi Kaura? In zamna ina kallon ka kana karatun jarida?"

Mai kemis ɗin da take sayen magani a Dauran ya kulle shago ya bar gari. Ƙaramin asibitinsu bai rage da kowa ba sai wata malamar asibiti, mutuniyar Badarawa, wadda ta ƙi gudu, kantocinta kuwa wayam. Wani likita ya taɓa gaya mini a gaban Yaya cewa ƙwaya ɗaya kullum ita ce katangar da ke tsakaninta da shanyewar jiki. Saboda haka lamarin ya dawo kaina.

Akwai wani direba, tsohon ɗalibina, mai wata tsohuwar mota da ƙofarta ke rufuwa da igiya. Yana zuwa Dauran in an sami ayarin da sojoji ke rakawa. A shingen bincike ba a wasa da magani: kwali guda in aka gani, sai a ce na mutanen daji ne, a ƙwace, wani lokaci har da mai shi. Amma 'yar leda mai ƙwaya talatin, haɗe da katin asibitin mai ita, tana wucewa. Na je kemis aka ƙirgo mini talatin daga babbar roba, na dawo gida na zauna rubuta wasiƙa.

Gara in faɗi gaskiya: na ji daɗi. Allah ya yafe mini, gari na cikin tashin hankali amma na ji daɗi. Shekaru ina kallon fasahar da na koyar tana mutuwa a hannun masu aika "ya kk" ta waya, sai ga ta ta tashi. Ina da ragowar takardar jarrabawa mai kauri da na taho da ita daga makaranta, fara fat. Na sa adireshi a kusurwar dama, na ja layi a ƙarƙashin kwanan wata, na yi gaisuwa sakin layi guda, bayani sakin layi biyu, na rufe da addu'a. Da ni ke gyarawa, tara bisa goma zan ba kaina, ɗayan kuma na rage ne don tawali'u.

Amsa ta zo da rubutun malamar asibiti, bakin kuwa na Yaya ne, ba a rage ko tari ba.

"Ki hwaɗa ma ɗan boko saƙo ya iso, Allah shi yi albarka. Gero ya nuna amma ba mai zuwa yanka sai gonakin bakin gari. Jar akuya ta haihu biyu. Ki ce mai shi rage shan shayi, cikinai ya yi gaba ya bar shi."

A ƙasa malamar ta ƙara layi biyu na kanta: ba ta da auduga, ba ta da ruwan ƙari, tana dafa tsohon zane ta yayyaga ta ɗaure rauni da shi. Na karanta wannan na tuna hannun mijin Yaya, na ninke takardar.

Kwana goma sha biyu, direba ya kawo wata. "Magani ya ƙare."

Lissafi ba fannina ba ne, amma talatin a raba da ɗaya ko ɗan aji biyu ya sani. Na yanke hukunci cewa uku-uku take sha, irin na mutanenmu da ke ganin in ɗaya na warkarwa, uku za su warkar kafin la'asar. Na rubuta wasiƙa ta biyu, shafi biyu, mai kanun magana, kan haɗarin wuce ƙa'ida. Na haɗa da wata talatin. Amsa ta zo: ɗan akuya ɗaya ya mutu, ɗayan na nan da ƙwarinsa. Bayan kwana goma: magani ya ƙare.

A nan na yi abin da har yau in na tuna nake jin kunya. Na tafi tasha na sami direba yana ɗaure kaya, na ja shi gefe, na fara zagaye-zagaye irin na malamai kan riƙon amana da tsadar rayuwa da yadda shaiɗan ke shiga tsakanin mutum da ƙaramar leda. Ya saurara har na gama, ya share hannu a riga.

"Malam, ka taɓa zane ni kan satar amsa, wannan na yarda, na yi. Amma ƙwayar sauke jini? Ni da jinina ke sauka da kansa duk na shiga dajin nan?"

Na rasa inda zan sa idona.

"Da ban so in faɗa ba," ya ce, "don Inna, yayar taka, ta ce in na buɗe baki, ni da furarta har abada. Amma tunda abin ya kai ga sunana. Malam, ina miƙa mata ledar nan, kafin in gama shan ruwa ta baza tabarma ta kasa ta kashi biyar. Tsaraba ce, in ji ta."

Tsaraba. Na tsaya a tsakiyar tasha kamar wanda aka tuna wa sunan ubansa. Ai a gidan da na tashi, abin da ya zo daga birni a hannun mutum ba a cin sa a bayan ƙyaure. Sabulu yanka shi ake da zare, goro a ɓare, burodi a gutsuttsura, a zuba a faranti a zaga maƙwabta. Wadda ta ɓoye tsaraba, jikokinta ma sai an yi musu gori. Ni kaina Yaya ta sha aike na da farantin. Na yi shekaru ina aika mata atamfa da sukari ina sane ba ita kaɗai ke mora ba, amma ko sau ɗaya bai zo mini cewa magani ma daga birni yake zuwa ba, kuma a hannun mutum.

Na rubuta wa malamar asibiti 'yar gajeriyar takarda daban, mai ɗan zafi. Amsarta ta fi tawa hankali. Mutum huɗu ne Yaya ke raba wa, ta ce: tsohon ladanin unguwa, tsofaffi mata biyu maƙwabta, sai wata Bafillatana da ta yi shekara talatin tana kawo wa Yaya nono, aka ƙone rugarsu, yanzu tana ɗakin Yaya, ba ta ko leƙa ƙofar gida don gudun idon mutanen gari. Dukansu ciwo ɗaya, ƙwaya ɗaya aka rubuta musu tun lokacin zaman lafiya.

"Malam, na san ba daidai ba ne," ta rubuta. "Amma kantata ko ƙwaya babu. Da wane baki zan ce ta hana su? Abin da na iya shi ne na tabbatar ba a ba wanda ba shi da ciwon ba. Rabi-rabi suke sha, wani lokaci su tsallake kwana. Ka sani jinin Inna ya fi na kowa hawa. Jiya ta ce kamar an aza mata turmi a ka."

Daga nan na fito da dabara, kuma na yi alfahari da ita kwana shida. Tunda al'ada na son abin rabo, sai in ba ta abin rabo. Na sayi sabulu, dabino, ashana, da sukari, na ɗaure daban na rubuta a jiki: TSARABA. Ledar magani kuma na rubuta: NA YAYA KAƊAI. Na haɗa da wasiƙa ta uku.

"An gode da sabulu," amsa ta ce. "Kowa ya samu. Ladan ya ce a hwaɗa ma sabulu ba ya sauke jini."

Wasiƙa ta huɗu zuwa ta bakwai su ne ƙololuwar aikina na rubutu. Na kawo hujja ta hankali: rabin magani ga mutum biyar, marasa lafiya biyar ke nan. Na kawo ta addini: jiki amana ne, kuma sadaka daga gida take farawa. Na kawo misalin rijiyar da ta shayar da gari har ta ƙafe. A ta shida na sauko daga kan minbari na roƙe ta kawai. Na tuna mata ranar da ta goya ni daga Kaura zuwa gidan mai ɗori, ina kuka tana yi mini waƙar da ta ƙirƙira a hanya. Na ce ba ni da sauran wanda ya san ni ina ƙarami sai ita. Na rubuta wannan layin, na daɗe ban iya ci gaba ba. Amsar da ta zo ta ce an samu an yanko gero dami takwas, kuma Bafillatana ta koya mata wata dabarar dama fura. Na ce a raina, taurin kai irin na gidanmu.

Ana haka Kaura ma ta fara bushewa. Motar magani daga Gusau sai ta ga dama. Mai kemis ya ce talatin ga kowane kati, ko uban wa ya zo. Na aika a turo katunan sauran, ashe na biyu sun ɓata, na Bafillatana ya ƙone da bukkarta. Ni ma kuwa ina da katina, don ciwon na gado ne, ƙwayar kuma iri ɗaya.

Wata safiya maiɗakina ta shigo da koko ta same ni da reza a hannu, na ɗora ƙwaya a kan murfin ƙamus ina neman tsakiyarta.

"Malam, me nake gani?"

"Bincike nake yi."

"Binciken da ka cika shafi huɗu kana cewa jahilci ne? Ni ka karanta wa kafin ka liƙe."

"Yanayi ya bambanta."

"Yanayi! Nono ɗaya kuka sha, shi ne yanayin." Ta ajiye kokon da ƙarfi. "In ka faɗi, wa zai ɗauke ka? Ni da wannan gwiwar?"

Ta ɗauki mayafi ta fita. Sai azahar ta dawo, ta kwance bakin mayafin a kan tebur: ƙwayoyi, biyu daga nan, uku daga can, daga gidajen tsofaffin malamai da matansu, duk wanda ta san irin tamu yake sha. Ta kai wa mai kemis ya duba ya tabbatar kafin ta kawo. Farantin tsaraba ne ya juya, wannan karon daga gida-gida zuwa leda. Direba ya ce zai raba su ƙulli-ƙulli ya nemi fasinjoji masu kati su riƙe masa har a wuce shinge. Da wasiƙa ta takwas, karo na farko, maganin da ya tafi ya ishi mutum biyar kusan mako uku, ƙwaya cikakkiya.

Muka sake tara wani. Na rubuta ta tara. Sai hanya ta rufe.

An tare ayari tsakanin Zurmi da Dauran, sojoji suka ce ba mai wucewa. Ƙullin ya zauna a kan teburina. Kullum da safe ina zuwa tasha, direba na hango ni ya girgiza kai tun daga nesa, don ya rage mini tafiya. Na san ranar da nasu zai ƙare, na ga ranar ta zo, ta wuce, wani mako ya bi bayanta, wani ya ƙara. Ba waya, ba wasiƙa. A kwanakin nan na gane abin da Yaya ta ji tana zaune a gidanmu tana sauraron kukan jirgi.

Da aka buɗe hanya direba ya tafi da ayarin farko. Ya dawo da 'yar takarda, rubutun malamar asibiti, babu akuya, babu gero, babu ɗan boko. "Malam, ka zo."

Na bi ayari na gaba. Ban tuna komai na hanyar ba sai gonaki da dawa ta sunkuya ba mai girbi.

Na same ta kwance a tabarma a inuwar rumbu, Bafillatana na yi mata fifita. Bakinta ya ɗan karkace, hannun hagu na kwance a gefenta kamar ba nata ba. Malamar ta gaya mini a tsaye: da hanya ta rufe sun koma rabi-rabi, da rabin ya kusa ƙarewa Yaya ta daina shan nata ba ta gaya wa kowa ba, tana ba baƙuwarta. Bafillatana ta rufe fuska da gefen zane.

"Wallahi ban sani ba, Moodibbo. Ta ce mini ta sha nata tun asuba."

Na durƙusa. Duk hujjojina suka tsere suka bar ni da hawaye. Yaya ta ɗago hannun dama ta dafa kaina, ta yi magana a hankali, kalma na jan kalma.

"Kai, tsoho da kai. Baƙo na kwana da ciwo mai gida na shan magani? Wa ya koya ma haka? Ba ni ba." Ta nuna hannun da ya mutu da haɓa. "Ka gani? Na hagu. Mun yi anko da maigidana."

Na yi dariya ina kuka, abin da ban yi ba tun ina goye.

Ta yarda ta bi ni Kaura, bisa sharaɗi biyu: baƙuwarta ta taho tare da ita, kuma ƙulli ya ci gaba da zuwa Dauran. Na amsa duka. Yau da nake wannan rubutu su biyun suna ɗakin da ke kusa da nawa. Tana takawa da sanda, hannun bai dawo ba, bakin kuwa ya dawo fiye da da. Ni nake sa mata ƙwaya a tafin hannu kowace safiya, in tsaya sai na ga ta haɗiye, ita kuma ta tsaya sai ta ga na ba baƙuwarta.

Ranar da za mu bar Dauran, ana ɗaura awaki a bayan mota, tsohon ladan ya zo sallama. Ya riƙe hannuna ya yi ta addu'a, sannan ya cire hula ya zaro ɗan ƙulli daga cikinta don ya nuna mini yana kula da rabonsa. Ya warware a hankali. Farar takarda ce mai kauri, an yanka ta murabba'i daidai tafin yaro. A jikinta, da rubutun da na fi sani a duniya, na karanta: "Hujja ta uku, ya ke Yayata, ita ce".

Na juya wajen malamar asibiti. Ta sunkuyar da kai tana gyaran gyale.

"Ranar da wasiƙar farko ta zo na ce in karanta mata. Ta tambayi direba ko ya gan ka da idonsa, ya ce ya gan ka, har ka yi masa faɗa kan taya. Ta ce to ya isa, takarda ba abin da ta iya sai lafiya lau. Ta sa aka kawo almakashi."

"Duka?"

"Ta ƙarshen ni na yanka mata, tana nuna mini da hannu ɗaya. Na ɗan tsinci wasu layuka, Malam. Akwai daɗi."

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Na ga kana jin daɗin rubutawa. Mu kuma ba mu da abin ƙulla magani."

Daga cikin mota Yaya ta leƙo. "Mi yaka cewa? Takarda? Ki ce mai ta yi kyau. Ba ta shan damshi kamar jarida."

Wasiƙu tara na rubuta. Ba a karanta mata ko ɗaya ba.